Sirdin da Malam Buba Ya Rungume

Kafin daminar da ta biyo bayan fari, abin da na yi imani da shi shi ne sana'ar gidanmu ta mutu tare da dawaki, kuma babu mai hankalin da zai biya kuɗin babban rago a kan sirdin babur, alhali kowane babur da sirdinsa yake fitowa daga kamfani. Ba da wasa na riƙe wannan ra'ayi ba. Na kafa masa hujjoji, na jera wa mahaifina su ido da ido, kuma har yau idan na sake auna su ban ga inda suka karkace ba. Abin da ya faru ne kawai bai bi ta kansu ba.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuke shigowa rumfarmu ta Haɗejiya kuna neman a koya muku aikin sirdi kafin salla. A ganinku aikin bai wuce a yanka soso, a ja leda a kai, a buga ƙusa ba. Wannan ma aiki ne, ana cin abinci da shi, ban raina shi ba. Amma ba shi aka koya mini ba.

Sirdin farko da aka bari na taɓa na dokin wani dagaci ne daga wajen Kafin Hausa, ina ɗan firamare, a shekarun da aka sami mulkin kai. Mahaifina, Baba Kyari, wanda kakansa ya taso daga Barno da gizago da basilla a jakarsa, bai fara ba ni fata ba. Cewa ya yi a hau dokin a zaga da shi bayan gari har ya yi gumi, sannan a kwance sirdin, ni kuma in tsaya in dubi gadon bayansa. Idan gumi ya jiƙa ko'ina daidai, sirdi ya zauna. Idan aka ga wani wuri a bushe kamar tafin hannu a tsakiyar jiƙa, to nan itace yake danne nama, kuma nan gyambo zai fito. Da wannan ake sassaƙa, da wannan ake ɗura huhu, wato matashin da ke tsakanin itacen sirdi da bayan doki. Huhun kuwa da audugar rimi muke cika shi, wadda ake cire wa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya da yatsu, a buge ta da tsumagiya har ta tashi. Na yi shekaru ina wannan tsinta kafin a ba ni zare. Zaren ma sai an murza shi da kakin zuma. Ƙirgin da majema suka jeme da bagaruwa ba a yanka shi sai an shafe shi da mai an bar shi ya sha, an kuma gane wajen da yake miƙewa da wajen da ba ya miƙewa, domin fatar ciki daban take da ta gadon baya.

Daga nan makaranta ta ɗauke ni, har jami'a a Zariya, na karanci tarihi, na zama malamin sakandare. Hutu kaɗai nake zama a rumfa. Sai fari ya zo. Ku da ba ku gan shi ba, ku sani cewa fadamar nan da kuke tsallakawa da jirgi ta tsattsage har ƙafar jaki tana maƙalewa a ciki. Kogi ya koma tafkuna, tafkuna suka koma taɓo. Mai doki ya rasa abin da zai ba iyalinsa, balle dawar doki. Wasu dawakin suka mutu, wasu aka sayar da su a wulaƙance. Shekara ta zagayo ba wanda ya kawo mana ko gyaran majayi, ɗamarar da ake ɗaure sirdi da ita. Da na zo hutu na tarar Baba yana ɗinka takalma da kuben wuƙa. Ya ce mini idan damina mai zuwa ta wuce a haka zai saki rumfar, ya sayar da gizago da zartuna ga masassaƙa turmi. Ban musa masa ba. Ni ne ma na ƙara masa hujja, na ce zamanin doki ya wuce, ya dubi titi. A lokacin gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, ta biya su na baya a dunƙule, kowane akawu da malamin makaranta ya sayi babur, garin ya cika da ƙara.

Sirdin babur na farko da muka yi na Malam Buba ne, mai allurar shanu. Bafillace ne na cikin gari, dogo, siriri, mai son farar riga. Aikinsa shi ne bin rugage tun daga garin Malam Madori har ƙauyukan Auyo da akwatin magani. Shekarun baya wani bijimi ya taɓa tunkuyinsa, ƙugunsa na hagu bai koma daidai ba. Lokacin da yake yawo da doki bai damu ba. Da aka ba su babur sai ya zama idan ya wuni a hanya ba ya iya ruku'u da magariba, a zaune yake salla. Ya shigo rumfarmu yana ɗingishi, ya yi sallama, ya dubi Baba.

"Babarbare, ashe kana nan da rai? Na ɗauka yunwa ta mayar da kai Barno."

"Ina zan je in bar bayina ba mai kula da su?" in ji Baba. "Zauna, ɗan Fulani. Me ya karya ka, ko fura ce ta ƙare?"

"Wannan ƙarfen ne. Kujerarsa kamar an ɗora mutum a kan turmi. Ka yi mini irin abin da kake yi wa doki."

Baba ya fita ya zaga babur ɗin, ya danna sirdinsa da babban yatsa, ya leƙa ƙarƙashi. Ya dawo ya ce ba zai iya ba. Malam Buba ya tambayi dalili.

"Ba ya gumi," in ji Baba. "Me zan duba?"

A nan maganar ta tsaya kwana da kwanaki. Ni ban sa kaina a ciki don na yarda da ita ba, sai don tambayar ta tsaya mini a rai. Wata rana da la'asar ina bakin kogi na ga masunta sun tashi daga inda suka zauna suna gyaran koma, kowa ya bar shaidar zamansa a laka, har ana iya gane wanda ya karkata da wanda ya zauna daidai. Na koma na gaya wa Baba cewa a doki bayan dabba ake karantawa, a babur kuwa mahayin za a karanta. Ya ce in samo yumɓu mai laushi irin na masu tukwane.

Muka cire sirdin kamfani, muka ɗaura faffaɗan katako a gurbinsa, muka shimfiɗa yumɓu mai kauri, muka rufe da tsumma. Malam Buba ya zo ya gani ya ja da baya.

"Ni zan zauna a laka kamar agwagwa? A gaban kasuwa? Kyari, ka daɗe kana neman hanyar da za ka wulaƙanta ni."

"Da wulaƙanci nake so da ban sa tsumma ba. Hau."

Ya tattare rigarsa ya hau, ya je har hanyar Malam Madori ya dawo, mahauta suna yi masa kirari. Da muka ɗaga tsumman ban san lokacin da na yi salati ba. Duk abin da mutumin nan ya ɓoye a cikin babbar riga yana nan a rubuce. Ramin dama ya nutse sosai, na hagu kuwa da ƙyar ya taɓa, domin gudun ciwo yana sa shi jingina nauyinsa gefe guda. A gaba akwai wani dogon ja, alamar duk sanda ya taka birki yana zamewa ya matsu da tanki. Baba ya daɗe a durƙushe yana bin ramukan da yatsa kamar yadda yake bin bayan doki.

Ga yadda aka yi shi, ku lura. Ƙasansa ba ƙarfe ba ne, itacen ɓaure ne marar nauyi, Baba ya sassaƙe shi da gizago ya bi siffar yumɓun, ya ɗan ɗaga gaba don hana zamewa, ya faɗaɗa baya. Ciki muka yi masa ɗaki-ɗaki da zane mai kauri da aka shafe da kaki, kowane ɗaki da audugarsa, na hagu a sassauce, na dama a matse, domin idan aka zuba ta wuri guda gudu take yi ta taru inda ba a so. Muka rufe da jan ƙirgin gadon baya. Ba a bar ɗinki ko ɗaya a sama ba, saboda ruwa ta ramin basilla yake shiga, kuma ɗinkin da ya dace da cinya kafin azahar ya zama ƙuna. Audugar rimi tana kwanciya idan an hau ta, dole a riƙa buɗewa ana ƙarawa. Saboda haka na je wurin maƙeri ya yi mini ƙugiya biyu da sakata guda, yadda za a zare sirdin da hannu ba sai an nemi sufana ba. Wannan sakata ita ce kaɗai abin da na ƙirƙira, kuma don sauƙin aikinmu na yi ta, ba don komai ba.

Da Baba ya faɗi kuɗin, Malam Buba ya cire hularsa ya mayar.

"Rago guda! A Kano da kuɗin kaza zan sayi sabo."

"Je ka saya. Kazar ma ta fi ka ƙiba."

Ya biya, amma bayansa ba wanda ya zo. Abokan aikinsa suka sa masa suna mai sirdin sarauta. Shi da kansa ya ce ciwon ya ragu, ya koma salla a tsaye, sai dai ciwon ƙugu ba abin da ake nunawa a kasuwa ba ne, kuma mai lafiya ba ya ganin dalilin biyan rago. Hujjata ta tsaya daram. Damina ta kankama, Baba ya fara yi wa wani masassaƙi maganar gizago.

Al'adar gidanmu ce idan sirdi ya yi 'yan makonni a hanya a bi shi a gyara. Malam Buba ya aiko cewa ran kaza zai ƙetare ta mafitar da ke kusa da Auyo, in same shi a can. Na ɗauki jakar auduga da basilla na shiga mota.

Ban taɓa ganin ruwa irin na wannan shekara ba, ko kuwa farin ne ya sa na manta kamanninsa. Inda bara na taka da ƙafa ƙura tana tashi, yanzu ruwa ne har inda ido ya gaza, ya haɗe da sama ba a gane iyakarsu. Itatuwan giginya sun tsaya a tsakiyarsa. Shinkafa ta biyo ruwan tana tsawo tare da shi, kore shar. Tsuntsaye iri-iri suna tashi gaba ɗaya kamar an yaye mayafi, su sake sauka. Masunta suna kwance ruf da ciki a kan manyan goruna suna tuƙi da hannu. Na tsaya a gaɓa ina tunanin ina duk wannan ya ɓuya a shekarun nan, kuma wane ne ya ce masa ya dawo.

Daga ƙetare na hango jirgin Gambo mai fito ya taso. An kwantar da babur a tsakiya, ga buhuna, ga mutane 'yan ƙauyen. Farar rigar Malam Buba ta fita daban. Daga baya Gambo ya ba ni labarin abin da ya gudana kafin su taso. Da za a kwantar da babur ɗin, Malam Buba ya ce a dakata, ya zare sakata ya cire sirdinsa.

"Malam, bar shi mana, ba abin da zai same shi."

"Ka san nawa na biya? Gefen jirginka duk ƙusa ne. In ya yage, kai za ka fuskanci Babarbaren nan?"

Ya zauna a kan buhu ya rungume shi a ƙirji kamar jariri, mutanen jirgi suna dariya.

Sun wuce rabi sai jirgin ya hau kan wani kututture da ruwa ya rufe. Na ga gabansa ya ɗaga, babur ya zame gefe guda, mutane suka karkata wancan gefen gaba ɗaya, shi ke nan ya kife. Ihu ya tashi daga gaɓa biyu. 'Yan ƙauyen ruwa gidansu ne, kawunansu suka ɓullo ɗaya bayan ɗaya, suka kama cikin jirgin. Malam Buba kuwa ko a tafki bai taɓa iyo ba, ga babbar riga, ga wando, ga takalmi. Na nemi farar rigar na rasa. Abin da ya fara fitowa wani jan abu ne, can ƙasa da inda suka kife, ya yi tsalle sama kamar gora da aka danna aka saki. Sai ga hannuwa biyu a naɗe da shi, sannan kai ba hula.

Igiyar ruwa ta ɗauke shi ta yi gabas da shi. Muka bi gaɓa da gudu muna kiran sunansa. Rigar ta buɗe a ruwa tana jansa ƙasa, ina ganin haɓarsa tana nutsewa tana fitowa, amma sirdin bai nutse ba. Ya juya, ya karkata, ya sake tasowa, yana ɗauke da mutum kamar don haka aka ɗinka shi. Ni da na tsinci audugar nan da yatsuna, na san nauyinta bai kai na ƙwaryar gero ba, na tsaya ina kallon abin da take yi, ban gane ta ba. Wani masunci a kan gora ya tare shi a bakin wata gonar shinkafa, ya kama wuyan rigarsa ya ja shi zuwa tudu.

Ko da aka kwantar da shi ya amayar da ruwa, hannuwansa ba su saki ba. Sai da muka ɓamɓare yatsunsa. Da ya sami magana, ya dube ni ya ce, "Ɗan Kyari, duba mini, bai yage ba?"

Ba wanda ya rasu. Babur ɗin washegari masu nutso suka ɗaure shi da igiya aka jawo shi. Na farke sirdin a nan gaɓa, mutane sun kewaye ni. Fatar ta jiƙe, amma da na zura hannu cikin ɗakunan sai na fito da auduga a bushe, iska ta ɗauki wani ɓangarenta. Wani tsoho ya karɓa ya shafa, ya miƙa wa na kusa da shi, ta yi ta zagayawa hannu zuwa hannu.

Sai a mota, a hanyar komawa, na tuna na taɓa karanta cewa da irin wannan auduga ake cika rigunan ceto na manyan jiragen teku. Na san wannan, na kuma san huhu, amma ban taɓa ajiye su wuri guda a kaina ba. Baba ma bai sani ba. Da na ba shi labari ya ce shi tun tasowarsa saboda gumin doki ya san ana zaɓenta, don ba ta riƙe laima. Ya ce, "Mu ɗinki muka yi. Sauran ba namu ba ne." Da Malam Buba ya warware ya zo rumfa, Baba ya tare shi da cewa ashe Fulani ma suna wanka.

"Yi dariyarka," in ji shi. "Da kuɗin kaza ka karɓa, da a jikin babur na bar shi, da yanzu kana zaman makokin ubangijinka."

Wannan magana ita ce ta fi tsaya mini, kuma ita nake juyawa duk sanda wani ya tambaye ni ko sirdi mai tsada ya cancanci kuɗinsa. Ba ingancin ɗinki kaɗai ya cece shi ba. Tsadar ce ta sa ya rungume shi. Ban san a wane babi zan sa wannan ba, kuma ban yarda in mayar da shi abin talla ba, domin ba mu yi shi don ruwa ba, ban kuma taɓa yi wa kowa alkawarin zai ɗauke shi ba. Abin da nake iya tsayawa a kansa shi ne na yumɓu. Wanda tafiyarsa ba ta wuce daga gida zuwa ofis ba, na kamfani ya ishe shi, kuma na sha gaya wa irinsu haka su tafi da kuɗinsu. Wanda kuwa yake wuni a kan hanyar fadama, ƙugunsa ne jarinsa, shi ya san abin da yake saya. Har yau ban tabbata ba ko mutanen da suka zo bayan nan saboda ƙugunsu suka zo ko saboda labarin kogi. Ina zaton labarin ne ya kawo su, ƙugun ya hana su komawa.

Kafin kaka ta ƙare, malaman gona da masu sayen kifi da ma'aikatan asibitin ƙauye sun fara layi a bakin rumfa, kowa ya tattare riga ya zauna a laka. Baba bai sayar da gizagon ba, shi ne wanda ke rataye a bayan ƙofa. Ni na ajiye koyarwa a ƙarshen wannan shekara. A mafitar Auyo kuwa, tun daga ranar, Gambo ba ya tura jirgi sai mai babur ya zare sirdinsa ya riƙe a hannu.